Bargunan Gee's Bend: kallo kyauta ne a intanet, amma wa ke cin ribar?

Duk mai waya da ɗan data a yau zai iya leƙa manyan gidajen tarihin Amurka ba tare da neman biza ba. Cikin abubuwan da zai tarar har da tsofaffin barguna na ɗinkin hannu, irin waɗanda ake harhaɗa ƙyallaye a sama, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a rufe da wani yadin a ƙasa, sannan a bi su da allura. Gidan tarihin barguna da ke Lincoln a jihar Nebraska, wanda aka kafa a 1997 da kyautar barguna kusan 1,000 daga Robert da Ardis James, ya ɗora dubban hotuna a shafinsa. Mai kallo na iya zuƙo hoto har ya ƙirga sawun allura.

Abin da hoton ba ya nunawa shi ne yadda bargon ya bar hannun mai shi.

Gee's Bend ƙauye ne a jihar Alabama, wanda kogi ya kewaye ta ɓangarori uku. Mazaunansa jikokin bayi ne da suka yi noman auduga a wurin, shi ya sa har gobe da yawansu ke amsa sunan Pettway, sunan ubangidan kakanninsu. Matan ƙauyen ba don ado suka fara ɗinkin ba, sanyi ne ya tilasta su. Da tsofaffin wandunan aikin gona da buhunan da suka mutu suke haɗa mayafi. Lokacin da mutanen suka tashi neman 'yancin kaɗa ƙuri'a a shekarun 1960, hukuma ta dakatar da jirgin fiton da ke kai su hedikwatar yankin, bai dawo aiki ba sai 2006.

A ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya ga hoton bargon Annie Mae Young, ya nemo ƙauyen, ya sayi ɗaruruwa. A 2002 aka baje su a Houston, daga nan sai gidan tarihin Whitney da ke New York, masu sharhi suka shiga kwatanta su da ayyukan manyan masu zanen zamani. A 2006 hukumar gidan waya ta buga su a kan sarki. Shekara guda bayan haka Young da Loretta Pettway suka maka Arnett a kotu, suna zargin ba a ba su haƙƙinsu ba. Ya musanta, kuma an rufe ƙararrakin a 2008 ba tare da ɓangarorin sun yi wa jama'a bayani ba. Adalci a faɗa: ba don Arnett ba, da wuya duniya ta san sunayen matan. Amma suna daban, rabo daban.

Lamarin tsoho ne. Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a Georgia a 1837, dala biyar ta karɓa a bargonta mai labaran Baibul lokacin da talauci ya matsa mata. Yau yana gidan tarihin Smithsonian.

Tushen matsalar doka ce. Tun 1920 Faransa ke bai wa mai fasaha wani kaso idan aka sake sayar da aikinsa, amma dokar tarayyar Amurka ba ta tanadi haka ba. Gyaran da aka samu na ganin dama ne: gidauniyar Souls Grown Deep, wadda Arnett ya kafa, ta sanar a 2020 cewa za ta riƙa bai wa masu aikin da ke raye kashi 5 cikin 100 na kuɗin da ta samu a kan ayyukansu. Tun 2021 kuma wasu matan ƙauyen ke sayar da bargunansu kai tsaye a dandalin Etsy.

Matasan Najeriya ba baƙin wannan muhawara ba ne. Lokacin da aka buɗe shafin Digital Benin a 2022, ya tattara bayanan kayan tarihin Benin sama da 5,000 da ke cibiyoyi 131 a ƙasashe 20 a lokacin. Kowa na iya ganinsu daga Kano ko Benin, alhali mafi yawansu na can inda suke.