Katangar Balin: yadda Kasparov ya rasa ƙofar shiga

[Kiɗan buɗe shiri]

Yau darar ches za mu leƙa, musamman motsin farko-farko da gwanaye ke kwana suna nazari tun kafin su zauna gaban allo.

Mu je Landan, shekarar 2000. Garry Kasparov na riƙe da kambun duniya tun 1985, kuma kowa ya san halinsa: idan ya samu fararen 'ya'ya, farmaki yake kawowa kamar gobarar daji. Mai ƙalubalantarsa ɗan ƙasarsu ne, Vladimir Kramnik, wanda ya taya shi shiri a 1995 lokacin karawarsa da Anand na Indiya. Kun ga ke nan ya san ciki da wajen maigidan.

Me Kramnik ya yi? Ya tono wani tsohon salon kariya da manya suka daɗe da jingine shi, kariyar Balin. Reshe ne na buɗewar Ruy Lopez, mai sunan wani limamin coci ɗan Sifaniya da ya yi littafi a kan ches a 1561. A wannan salo, tun a motsi na takwas ake musayar sarauniyoyi, su bar allo. Baƙin sarki ya tsaya a tsakiya, ya rasa damar ɓuya a lungu bayan sojojinsa. A ido, abin ba kyan gani. To amma idan babu sarauniya, da me za a kai masa hari? An raba mahauci da wuƙarsa.

Sau huɗu Kasparov ya tunkari wannan kariya, sau huɗu aka tashi kunnen doki. Daga nan aka laƙaba mata Katangar Balin. Ni dai a ganina, Kramnik mutumin ya karanta fiye da allon.

Wasa 15 aka buga. Kramnik ya ci biyu, 13 canjaras, Kasparov ko ɗaya bai samu ba. Dara ta ci gida.

Kasparov bai sake samun damar ramawa ba har ya yi ritaya a 2005. Ita kuwa katangar ta ci gaba da aiki: da ita Magnus Carlsen na Norwe ya tare Anand a 2013, shekarar da ya karɓi kambun.

[Kiɗa]