Wuƙar aljihu: daga maƙerun Faransa zuwa kasuwanninmu

Kafin wayar salula ta mamaye aljihun riga, abu uku ne ba su cika rabuwa da dattijo ba in zai fita gida: carbi, goro da ƴar wuƙa. Da ita malamin allo yake fiƙe alƙalami, da ita ake tsaga goro a ba maƙwabcin zama rabi, a fere rake ko rogo, a gyara asuwaki, a yanke igiyar buhu a tasha. Ba wanda ke kallonta a matsayin makami. Yau ɗaukarta ya ragu ƙwarai a birane irin su Maraɗi da Yamai, alhali a Turai da Amurka wannan ƴar wuƙa mai naɗewa ta zama abin da mutane ke tarawa, suna nazarinsa, suna kashe masa kuɗi masu yawa. Abin mamakin shi ne, wasu daga cikin waɗanda ake farauta a can, an ƙera su ne tun asali domin a sayar mana.

Wuƙar da kakanninmu suka sani ba mai naɗewa ba ce. Maƙeri ya ƙera ruwanta, ya sa mata ƙota, baduku ya ɗinka mata kube, a rataya ta a ƙugu ko a ɗaura ta a damtse kamar yadda Abzinawa da makiyaya ke yi har gobe. Mai naɗewa, wadda ruwanta ke komawa cikin ƙota ta shige aljihu ba tare da kube ba, ta yaɗu ne da kantunan Turawa a zamanin mulkin mallaka. A ƙasashen da Faransa ta mallaka kuwa, wadda ta fi yin suna ita ce Douk-Douk.

An fara ƙera ta a shekarar 1929 a kamfanin Cognet da ke garin Thiers, a tsakiyar Faransa. Thiers shi ne garin maƙeran wuƙa na ƙasar, mafi yawan wuƙaƙen da ake yi a Faransa daga can suke fitowa. A da, ruwan kogin Durolle ne ke juya duwatsun wasa wuƙa, masu aikin kuma suna yinsa ne a kwance ruf da ciki bisa katako, karensu kwance a ƙafafunsu yana ɗumama su saboda sanyi. Mai kamfanin ya yi wuƙar ne da niyyar sayar da ita a tsibiran Melaneziya, can cikin tekun Pasifik, shi ya sa aka zana wa ƙotarta hoton wani dodon al'ada na mutanen can, mai rigar ganye da doguwar hula mai tsini. Sunan dodon ne wuƙar ta ɗauka. Kasuwar can ba ta karɓe ta ba. Sai aka juya da ita zuwa Aljeriya da sauran ƙasashen arewacin Afirka, daga nan ta gangaro kudu da Sahara.

Abin da ya sa ta karɓu ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe ta. Guntaye shida ne kawai a jikinta: ruwan wuƙa, ƙota ta farantin ƙarfe guda da aka lanƙwasa gida biyu, sifirin mai ƙarfi a ciki, ƙusa biyu, da ɗan zoben rataya a gindi. Babu katakon da zai tsage ko gara ta ci, babu abin da zai kwance ya ɓace. Ga ta siririya, tana kwanciya a aljihu kamar babu ita, ga araha, ga kaifi irin na aska. Daga baya kamfanin ya fitar da wata domin kasuwannin musulmi, wadda aka cire wa hoton dodo aka sa mata suna El Baraka. Abin da aka zana a ƙotarta shi ne tambarin nan na Agadas da maƙeran Abzinawa ke yi da azurfa, wanda ake kira Croix d'Agadez. Ke nan wani yanki na adon ƙasarmu yana yawo a aljihun masu tara wuƙa a Paris da Amurka, da yawansu kuma ba za su iya nuna Agadas a taswira ba.

Douk-Douk tana da wani tarihin mara daɗi. A lokacin yaƙin neman ƴancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, an yi amfani da ita wajen kisa da yi wa mutane rauni, domin ɓoye ta ba wuya, kuma in aka bubbuga bakin ƙotar da dutse sai ruwan ya tsaya cak, ba ya sake naɗewa. Har sai da hukumomin Faransa suka ɗauke ta a matsayin kayan yaƙi. Wuƙar fere mangwaro ce dai, ba a sauya mata komai ba.

Tana da ƴar'uwa a ɓangaren Jamus mai suna Okapi, wadda aka fara yi a garin Solingen a 1902 domin ƙasashen Afirka da Jamus ta mallaka. Ita tana da ƙotar katako da zobe a baya wanda sai an ja shi take rufuwa. Tun 1988 a Afirka ta Kudu ake ƙera ta.

Wanda ya yi zama ko karatu a Faransa kuwa, Opinel zai fi sani. Joseph Opinel ne ya fara yinta a 1890 a yankin tsaunukan Savoie, wuƙar manoma da makiyaya ce mai ƙotar katako zagayayya. A 1897 ya jera ta girma-girma daga lamba 1 zuwa 12. Lamba 8, mai ruwa santimita 8 da rabi, ita ce aka fi saye. A 1955 aka ƙara mata wani zoben ƙarfe a wuya wanda ake murzawa ya kulle ruwan, kada ya rufe wa mutum a yatsu. A jikin ruwan akwai hoton hannu da kambun sarauta a samansa, alamar kamfanin ce tun 1909. Duk da cewa a 1985 wani babban gidan tarihi na Landan ya saka ta cikin kayayyaki 100 mafi kyawun tsari a duniya, kuɗinta a Faransa bai wuce jaka 10 na sefa ba. A ganina wannan ne ya fi komai burgewa game da ita.

Akwai kuma Laguiole, mai siririn jiki da ɗan hoton ƙudan zuma a wuya, wadda ta ɗauki sunan wani ƙauyen makiyaya a kudancin Faransa. Wasu daga cikinsu suna da tsinken ƙarfe mai kama da basilla, wanda makiyayan can ke huda cikin saniya da shi in kumburin ciki ya kama ta, iska ta fita. Sai dai mai saye ya yi hattara: sunan Laguiole ba na kamfani ɗaya ba ne, an daɗe ana shari'a a kansa, kuma da yawa daga cikin masu ɗauke da sunan a ƙasar Sin ko Pakistan aka yi su. Ita kuwa jar wuƙar sojan Suwis ta Victorinox, mai almakashi da mabuɗin gwangwani, kowa ya san ta.

Wanda zai sayi wuƙar da zai riƙa ɗauka kullum, abin da ya fi muhimmanci ya gane shi ne ƙarfen. Iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe, wanda Opinel ke rubuta wa “Carbone”, akwai kuma wanda ba ya tsatsa, mai rubutun “Inox”. Baƙin ƙarfe ya fi saurin ɗaukar kaifi, ko a gindin kofin tangaran aka goga shi zai tashi. Aibinsa shi ne ba ya son ruwa. In aka yanka lemun tsami, albasa ko nama da shi, zai yi duhu-duhu, wani lokaci har da shuɗi. Wannan duhun ba lalacewa ba ne, yana ma taimakawa wajen kare ƙarfen, masu tara wuƙa kuma suna alfahari da shi. Ja-ja mai kaushi shi ne tsatsa, shi ne ake gudu. Maganinsa a goge wuƙar ta bushe bayan kowane aiki, a shafa mata ɗigon mai. In da ita ake yanka abinci, man girki za a sa, ba baƙin man mota ba.

Yanayinmu ma yana da nasa tasirin. Da damina ƙotar katako tana shan laima ta kumbura ta riƙe ruwan wuƙar gam. Mutanen Savoie suna da dabararsu: a buga gindin ƙotar a kan tebur sau ɗaya, sai tsinin ya leƙo a kama. Da hunturu da bazara kuwa katakon yana bushewa, ruwan ya yi sako-sako, ga ƙura da yashi da ke shiga mahaɗa suna cinta a hankali. Shi ya sa mai ƙotar ƙarfe ta fi jure wa ƙasa irin tamu. Game da wasawa, injin nan mai juyawa na bakin kasuwa ya dace da adda da gatari da manyan wuƙaƙen mahauta, amma ƴar wuƙar aljihu cinye ta yake yi, in kuma ƙarfen ya yi zafi har ya sauya launi, taurinsa ya tafi ke nan. Mawashi mai laushi da ɗan ruwa ya wadatar, sannan a goga ta a fata kamar yadda wanzami ke yi wa askarsa.

Wani abin da ake gani duk Babbar Salla: mutum ya ɗauko wuƙar aljihu zai yanka ragon layya ko ya taya fiɗa da ita. Ba aikinta ba ne. Ruwanta gajere ne, zai wahalar da dabbar, wadda ba ta da makulli kuma tana iya naɗewa a kan yatsu in ta ci karo da ƙashi. Haka nan ba a karɓa-karɓa da ita wajen yanke farce ko aski, domin cututtukan da ke bin jini, irin su ciwon hanta, suna iya bin ruwan wuƙa.

To me masu tarawa ke nema? A Amurka, inda abin ya fi ƙarfi, kamfanin Case da aka kafa a 1889 ya ƙirƙiro wata dabara a 1970: ya buga ɗigo 10 a gindin ruwan wuƙa, kowace shekara ya cire ɗaya. Da ƙirga ɗigon mai saye zai san shekarar da aka yi ta. Irin wannan alamar, da abin da aka yi ƙotar da shi, ƙashi ne ko ƙaho ko katako, da kuma ko an taɓa wasa ta, su ne ke yanke farashi. Wadda ba a taɓa yanka komai da ita ba, tana cikin kwalinta na asali, ita ta fi tsada. A nan masu sha'awar suka rabu gida biyu: masu ajiya a akwatin gilashi, da masu cewa wuƙar da ba ta aiki ba wuƙa ba ce. Ni dai na fi karkata ga na biyun. A Thiers ana yin babban baje kolin wuƙa mai suna Coutellia kowace shekara. Suna kuma da wata al'ada a Faransa: in aka ba ka kyautar wuƙa, sai ka miƙa wa mai kyautar ɗan kwabo, wai don kada ta yanke zumunci.

Mu a nan, abin tarawar yana gabanmu amma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Tsohuwar Douk-Douk ko El Baraka da ke cikin adakar kaka, wuƙar damtse mai kuben jar fata, askar wanzamin da ya rasu, wuƙar da maƙerin ƙauye ya ƙera daga sifirin na tsohuwar mota, duk suna ƙarewa ne a hannun masu sayen tsohon ƙarfe ko a tafi da su waje a kan kuɗi kaɗan. Har yanzu akwai masu sana'ar a gidan tarihi na Boubou Hama da kuma cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata a Yamai, da kasuwannin Tawa, Damagaram da Agadas. Wanda ya mallaki irin wannan wuƙa, kada ya kankare ta da yashi don ta yi ƙyalli, domin da dattin yake kankare darajarta. Ya rubuta a takarda wanda ya ƙera ta, a wane gari, da wanda ya riƙe ta kafin shi. Maƙeranmu ba sa buga ɗigo kamar Case, in mai labarin ya mutu labarin ya bi shi.

Saura batun doka, wanda ya shafi duk mai tafiya. A Faransa, ƙasar Opinel da kanta, ɗaukar wuƙa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne da ka iya kai mutum gidan kaso na shekara 1 da tarar yuro 15.000, wato kusan miliyan 10 na sefa. A Ingila an yarda a ɗauki mai naɗewa ne kawai in ruwanta bai wuce santimita 7,6 ba kuma ba ta da makulli, ke nan Opinel lamba 8 ba ta tsira ba. Tun bayan harin 11 ga Satumban 2001 aka tsaurara bincike a filayen jiragen sama, abin da ya girgiza cinikin wuƙar Suwis har Victorinox ta saye abokiyar gasarta Wenger a 2005. Maniyyaci ko ɗan kasuwar da zai tashi daga filin jirgi na Diori Hamani ya saka wuƙarsa cikin babbar jakar da ake aunawa, in ya bar ta a aljihu a nan zai rabu da ita.

A cikin gida ma kallon da ake yi wa wuƙa ya sauya. Wanda ya ga fim ɗin “Zinder” na Aïcha Macky, da ya fito a 2021 kan matasan palais na unguwar Kara-Kara, ya san dalilin da ya sa iyaye da jami'an tsaro ba sa sakin jiki in sun ga wuƙa a jikin saurayi. Jandarman da ya lalube aljihu a shingen bincike da dare zai duba wanda ke ɗauke da ita, da wurin, da lokacin. Mahauci a rumfarsa, makiyayi a bayan garke, malami da alƙalumansa, kowa yana da amsar da zai bayar. Ɗan makarantar da aka samu da ita a cikin aji, ko wanda ya shiga da ita filin kokowa ko wurin gangamin siyasa, ba shi da ita, ko da kuwa Opinel lamba 6 ce ta fere mangwaro.