An Haife Ta A Horo Birni, Amma Takarda Ta Ce Baƙuwa Ce

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, tambaya ɗaya iyaye ke kawo mana: yaya aka yi ɗan maƙwabcinmu ya sami gurbi a jami'a, alhali tamu ta fi shi maki, ga ta zaune a gida? Wasu su ce sanayya ce, wasu su ce ƙiyayya. Ba mu ce babu waɗannan a duniya ba. Amma sau da yawa amsar tana cikin wata ƙa'ida wadda ba a taɓa karanta wa iyayen ba.

Mu ɗauki misalin malamin makaranta mutumin Filato, wanda aiki ya kawo shi Horo Birni a ƙaramar hukumar Shagari, ya yi shekara ashirin tsakanin nan da Boɗinga. A nan aka yanke wa 'yarsa cibiya, Sakkwatanci ya kama bakinta, garin kakanninta kuwa sai lokacin Kirsimeti take ganinsa. Da ta tashi cika fom, sai ta zaɓi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, domin ita ce ta kusa, kuɗin mota kaɗan ne. To, a wajen fom ɗin nan ita 'yar Filato ce. Tsarin mulki na 1999 yana danganta mutum da jiha ta wajen asalin iyayensa ko kakanninsa, ba ta wurin da aka haife shi ba.

Ga yadda jami'o'in Gwamnatin Tarayya ke raba gurabe. Cikin kowane 100, gurbi 45 na cancanta ne zalla: wanda ya fi maki shi ke shiga, ko daga Kalaba ya fito. Gurbi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne. Sauran 20 an ware su ga jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko. Ɗan Shagari yana da ƙofa uku ke nan a Sakkwato. Yarinyarmu tana da ta cancanta, sannan tana iya raɓawa ta ƙofar ƙarshe, domin Filato, da Binuwai, da Kaduna duk suna cikin jerin, sai dai jihohi fiye da ashirin ke rabon wannan ɗan kason. Ɗan mai shagon magani daga Imo ko Anambra kuwa, ƙofa ɗaya tak gare shi. Da yarinyar nan Jami'ar Jos ta zaɓa, da makin nan nata ya fi yi mata aiki, don a can 'yar gida ce.

Kada mu yi saurin zagin tsarin. An yi shi ne domin yankunan da makarantar boko ta makara zuwa musu, kuma da yawa daga cikinmu ta wannan hanya muka shiga makarantun gaba. Illarsa ita ce bai san da yaron da ya tashi a wata jiha ba. Mutanenmu na Zuru sun fi kowa sanin wannan. Har zuwa 1991 'yan Jihar Sakkwato ne su; da aka ƙirƙiro Kebbi, suka wayi gari baƙi a garin da suka gina gidajensu. A Jami'ar Ɗanfodiyo har yanzu suna cikin yanki, tare da Zamfara da aka cire a 1996. Amma a Jami'ar Jihar Sakkwato, wadda aka kafa a 2009, lissafin daban ne. Jami'ar jiha 'ya'yan jiharta take fara dubawa, kuma a yawancin jihohi kuɗin makarantar baƙo ya fi na ɗan ƙasa.

Kar kuma a ruɗe da makin da ake shela a rediyo. A 2025 an tsayar da 150 cikin 400 a matsayin mafi ƙaranci na shiga jami'a. Wannan bakin ƙofa ne kurum. Mai neman likitanci ko lauya ta layin cancanta yana bukatar ya zarce shi nesa ba kusa ba, ga kiredit biyar da suka haɗa da Turanci.

Batun sukolashif shi ma haka yake. Hukumar tallafin karatu ta kowace jiha 'yan asalinta take biya, don haka yarinyarmu Jos za ta nema, ko da a Sakkwato take karatu. Tallafin Gwamnatin Tarayya ƙwazo yake dubawa, yakan nemi sakamakon da ɗalibi ya samu bayan ya shiga makaranta, shi ya sa shekarar farko ba ta wasa ba ce. Tun 2024 kuma akwai rancen karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa, ba a tambayar ko kai baƙo ne, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Amma fa bashi ne, a zauna a yi shawara a gida tukuna.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu zuwa da raɗa cewa za su samo wa yaro takardar shaidar ɗan ƙasa ta nan, a kan wasu 'yan kuɗi. Iyaye, ku guje su. Ana sake tantance takardu lokacin rajista, da ranar neman aiki, kuma wanda aka kama zai iya rasa gurbin ko bayan ya yi shekara uku a ciki. Takardar gaskiya tana ƙaramar hukumar mahaifin yaro. Idan za a je gida hutun Disamba, a tafi da yaron da hotunansa, a bi ta wajen mai unguwa da hakimi, a karɓo ta tun yana aji biyar na sakandare. Ranar cika fom kuma uba ko uwa su zauna kusa da shi a gaban kwamfuta, su ga da idonsu jihar da aka rubuta da jami'ar da aka sa a farko, kafin mai shago ya danna.