Matse bidiyo ba tare da lalata hoto ba: wace manhaja ta dace?

Mai ɗaukar bidiyon biki, da mai naɗar tafsiri a watan azumi, da mai shirya fim mai dogon zango, duk matsalarsu ɗaya ce idan an gama tace aiki: yaya za a kai shi wayar mai kallo? Wani ya tura fayil mai nauyin gigabait biyu, mai karɓa ya dubi ragowar datarsa ya haƙura. Wani kuma ya matse shi har fuskokin mutane suka dagule, rubutun ƙasan allo ya daina karantuwa. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi da ya kai kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, nauyin fayil ya zama maganar kuɗi a Nijeriya, ga mai turawa da mai saukewa baki ɗaya.

Babu bidiyon da muke kallo da ba a matse ba. Hoto guda na girman 1080p yana ɗauke da ɗigo fiye da miliyan 2, kuma kyamara kan ɗauki irinsa 30 a kowace daƙiƙa. Da za a ajiye launin kowane ɗigo cikakke, da minti ɗaya ya cinye kimanin gigabait 11. Dabaru biyu ne suka sauƙaƙa lamarin. Ta farko lissafi ne da ake kira DCT, wanda Nasir Ahmed, ɗan asalin Indiya, ya wallafa tare da abokan aikinsa a 1974. Ana yanka hoto gida-gida, a riƙe abin da ido ke gani, a zubar da ƙananan bambance-bambancen da ba ya lura da su. Ta biyu ta fi ƙarfi: a ajiye cikakken hoto ɗaya, hotunan da ke biye da shi kuma a rubuta abin da ya sauya kawai.

Daga nan mai sana'a zai gane dalilin da ya sa saiti ɗaya ba ya yi wa kowane aiki. Malami na zaune yana karatu, bangon da ke bayansa bai motsa ba awa guda, don haka fayil ɗinsa zai ƙanƙance ƙwarai kuma hoton ya fito tas. Hawan Sallah kuwa, ga ƙura, ga dawakai na sukuwa, ga jama'a, ga hannun mai kyamara na rawa, kusan kowane ɗigo sabo ne. Idan aka ba shi ma'aunin da aka ba wa karatun malam, dole ya farfashe.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne bambanci tsakanin sunan fayil, da tsarin matsewa, da manhaja. MP4 da MKV buhu ne kawai. Ba su gaya maka irin hatsin da ke ciki ba. Tsarin matsewa, wato kodek, shi ne H.264 ko H.265 ko AV1. Sai injin da ke aiwatar da tsarin, kamar x264 na ƙungiyar VideoLAN (masu VLC), da x265, da SVT-AV1 wanda Intel da Netflix suka haɗa hannu a kansa. Waɗannan injuna kyauta ne, kuma da yawa daga manhajojin da ake tallatawa da sunaye masu daɗi, har da waɗanda ake biya, a kan FFmpeg aka gina su, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000 kuma kowa na iya saukewa ba ko kwabo. A ganina wannan ya warware rabin tambayar. Abin da ya kamata a tambayi manhaja shi ne wane inji take amfani da shi, kuma ko tana barin mutum ya juya ma'aunin da kansa.

Da wannan awo, HandBrake ce nake ba mafi yawan mutane shawara. Tun 2003 take, kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, ba ta manna tambari a kan hoto, kuma ana iya jera mata fayiloli da dama ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Shutter Encoder ta fi ta yawan kayan aiki, masu tace fim za su fi jin daɗinta. FFmpeg ita kanta ba ta da maɓallan latsawa, umarni ake rubuta mata, ta dace da gidan talabijin ko mai juya ɗaruruwan fayiloli. Shafukan intanet masu matse bidiyo kuwa ban ga ribarsu ga mai sayen data ba: sai ka ɗora babban fayil ɗin tukuna, ka sake sauke ƙaramin, ga kuma bidiyon bikin iyalin mutane ya kwana a kwamfutar wanda ba ka sani ba.

Zaɓen kodek ya dogara da na'urar mai kallo fiye da ta mai aiki. H.264 ya fito a 2003, kuma da wuya a sami waya ko talabijin mai karɓar filashi ta wannan zamani da ba ta buɗe shi. H.265 ya zo a 2013 da burin rage nauyi da kusan rabi a kan inganci ɗaya, sai dai rikicin kuɗin lasisi tsakanin masu haƙƙin mallakarsa ya rage masa saurin yaɗuwa. Wannan rikici na daga cikin dalilan da suka sa Google da Netflix da Amazon da Microsoft da wasu suka haɗu a 2015, suka fitar da AV1 a 2018 ba tare da kuɗin lasisi ba. AV1 ya fi su duka iya matsewa, amma wayar da ba a gina mata sashen karanta shi ba sai ta yi zafi, batir ya zube, hoto ya riƙa tsayawa. Fim ɗin da zai bi hannun masu turi a kasuwa, ya shiga memori, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Xender, H.264 ne ya dace da shi, ko da ya ɗan fi nauyi. H.265 a bar shi ga ajiya, ko ga wanda aka san irin wayarsa.

Sai ma'aunin da ya fi kowanne muhimmanci. Nauyin fayil lissafi ne mai sauƙi: yawan bayanan da ke gudana a daƙiƙa sau tsawon lokaci. Megabit 1 a daƙiƙa yana ba da megabait 7.5 a minti, wato 450 a awa. Ana iya kafe wannan adadi, amma hakan ɓarna ne a wurin da hoto ke tsaye, ƙwauro kuma a wurin da ake gudu. Hanyar da ta fi ita ce a kafe inganci, a bar inji ya raba bayanai yadda kowane wuri ke buƙata. HandBrake na kiran wannan ma'auni RF, FFmpeg na kiransa CRF. A x264 yana tashi daga 0 zuwa 51, kuma ƙaramar lamba ita ce inganci mai yawa da fayil mai nauyi. Masu HandBrake sun ba da shawarar 20 zuwa 24 ga 1080p, 19 zuwa 23 ga 720p. Ƙarin 6 a lambar kan rage nauyi da kusan rabi. Kada a ɗauki lamba a rufe ido. A yanko minti ɗaya daga wuri mafi wahala a bidiyon, a gwada lambobi biyu ko uku, a kalla a irin wayar da jama'a ke riƙewa, Tecno ko itel, a dubi fuska da wuraren duhu, domin a nan lalacewa ke fara bayyana.

Akwai kuma ma'aunin sauri. In aka ba inji lokaci, zai fi zurfafa neman abin da ya maimaitu tsakanin hotuna, fayil ya fi ƙanƙanta. Matsewa ta katin hoto, irin NVENC na Nvidia ko Quick Sync na Intel, tana gamawa cikin ɗan lokaci, amma yawanci fayil ɗinta ya fi nauyi a kan inganci ɗaya. Wanda ke aiki da janareta yana da hujjar zaɓen sauri. Wanda dubban mutane za su sauke aikinsa kuwa, awa biyun da ya ƙara a kan kwamfuta ta fi arha a kan datar da za su ƙone.

Wasu ragin ma ba su da alaƙa da kodek. Allon waya ba ya buƙatar 4K. 720p ya wadatar, kuma ɗigonsa bai kai rabin na 1080p ba. Karatu ko hira ba sa buƙatar hoto 60 a daƙiƙa. Sauti a kilobit 128 yana cin kusan megabait ɗaya a minti, alhali magana zalla tana fita sarai a 64. Bidiyon da aka ɗauka da daddare cike yake da tsaki-tsakin da inji ke ɗauka motsi ne yana kashe masa bayanai, don haka fitila ɗaya a wurin ɗauka, ko matacin tsaki na HandBrake, na rage nauyi sosai.

Kowace matsewa tana zubar da wani abu da ba ya dawowa. YouTube da Facebook da WhatsApp duk suna sake matse abin da aka ɗora musu, shi ya sa YouTube ke neman a ba shi 1080p a kusan megabit 8 a daƙiƙa. Wanda ya ba shi fayil da aka riga aka tsotse, ya jawo wa hotonsa asara sau biyu. A WhatsApp, tura bidiyo a matsayin fayil na takarda, wanda ke karɓar har gigabait 2, yana isar da shi yadda yake.

Ga mai ɗaukar biki da mai naɗar karatu, shawarata ita ce HandBrake, da H.264 a cikin MP4, girman 720p, RF wajen 22, sannan a gwada a waya kafin a raba. Asalin abin da kyamara ta ɗauka kuma a adana shi a wani faifai daban, domin duk ranar da aka buƙaci sabon kwafi, daga shi za a ciro.