Rake a Zanen Frans Post

Duk wanda ya ga yadda ake matse rake a Maƙarfi ko Kudan, ana dafa ruwansa har ya zama mazarƙwaila, ya san aikin na zafi ne da hayaƙi da gumi. Da wannan idon ya kamata a kalli zanen Frans Post, ɗan ƙasar Holan da ya isa Burazil a 1637 tare da gwamna Johan Maurits, ya koma gida a 1644, ya yi shekaru yana zana wuraren matse rake. A zanensa sararin sama garau, itatuwa kore shar, bayin Afirka kuma 'yan ƙanana can nesa, kamar ba sa shan wahala. A 1637 ɗin ne kuwa Holan ta ƙwace sansanin Elmina da ke gaɓar tekun Afirka ta Yamma daga Fotugal don samun bayi.

Wani zai ce mai zane kyau yake nema, ba tarihi ba. To amma masu sayen zanen attajiran Holan ne, ƙasar da matatun sukari suka cika babban birninta na kasuwanci, Amsterdam, kuma abin da zai kwantar musu da rai aka zana. Kyawun zanen na gaskiya ne, sai dai an ɓoye wanda ya biya kuɗinsa da jikinsa.