Burkutu: abin da ke shiga tukunya kafin ya kai ƙwarya

Burkutu giya ce mai tsami da ake dafawa a gida da dawa, wani lokaci a haɗa da gero ko masara. A garin Lafiya da ƙauyukan da ke kewaye da shi, da Doma da Akwanga, sana'a ce ta mata tun kaka da kakanni, kuma ranar kasuwa ce ranar cinikinta. Musulunci ya haramta ta, coci-coci da dama ma suna hana mabiyansu, amma dai ana dafawa ana sha, don haka sanin haɗarinta ya shafi kowa.

Ana jiƙa dawa, a shanya ta a lulluɓe har ta yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama da ruwa a dafa. Sai a bar ta ta kwana ta yi tsami, a sake tafasawa, a zuba ragowar tsohuwar giya, ta yi kamar kwana biyu tana kumfa. Ƙarfin barasarta bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari ba.

Haɗarin farko yana cikin hatsin. Dawar da ta sha damshi a rumbu takan yi funfuna, wata funfunar kuwa tana fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda ke jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Tafasa ba ta kashe wannan guba. Abin takaici, hatsin da ya lalace shi ne mai araha, shi kuma ake yawan turawa tukunyar giya. Tsiron dawa ma yana da tasa gubar, irin ta ɗanyen rogo mai ɗaci. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa na kashe saniya, kuma dalilin ke nan da ƙwararrun masu dafawa ke murje saiwa da tsiro bayan shanya.

Sai mazubi. Randar ƙasa ta ja baya, gangar ƙarfe da jarkar da aka taɓa zuba fenti ko maganin ƙwari sun maye gurbinta. Tsami yana cin ƙarfe, duk abin da ya narke kuwa cikin mashayi zai ƙare. Ruwan da ake ƙarawa bayan an sauke tukunya, da bokiti ɗaya da ake ɗauraye ƙwarya a ciki tun safe, hanya ce ta taifod da kwalara.

Mafi muni shi ne gauraye. Wasu kan tsiyaya ogogoro, wato barasa mai ƙarfi da ake tacewa a gida, ko su jefa ƙwayoyi don giyar ta ƙara bugarwa. Ogogoron da aka gurɓata yakan ƙunshi sinadarin metanol, wanda harshe ba ya bambanta shi da barasa, alhali cokali ɗaya zuwa biyu na iya makantar da babban mutum. A 2015 mutane sun mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, wasu da dama kuma a Jihar Ribas, bayan shan irin wannan ogogoro.

Metanol ba ya nuna kansa nan take. Mutum kan tashi kamar ya warware, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da amai da ciwon ciki su taso, numfashi ya yi sama-sama, ido ya riƙa ganin hazo. Manja da madara ba sa karya wannan guba, barci ma ba ya fitar da ita. Duk wanda ya ga waɗannan alamu a jikin wani, ya garzaya da shi asibiti, ya faɗa wa likita gaskiyar abin da aka sha, a kuma nemo sauran waɗanda suka sha tare da shi.