Kafin Ka Lanƙwasa Ƙusa da Hannu, Ka San Ƙarfen da Ka Riƙe

Wata Lahadi ina dawowa daga kasuwar Illela, na tarar da samari huɗu a gindin dogonyaro a bakin hanyar Kalmalo, uku suna zuga ɗaya. Ya naɗe ƙusa da gefen rigarsa, ya kai ta ƙarƙashin haɓa yana nishi. Da na matsa sai na ga ƙusar kankare ce, irin wadda ake kafawa a bangon siminti. Na ce, "Yaro, ajiye ta." Ya ce, "Baba, ai a waya muka gani." Allah ya sa ƙarfinsa bai kai ba. Da ya kai, ba lanƙwashewa za ta yi ba, ɓallewa za ta yi, kuma ɓarɓashinta ido yake nema.

Abin da suka gani a waya ba siddabaru ba ne. Tsohon wasa ne na majiya ƙarfi a Turai da Amurka. Joseph Greenstein, wani gajeren mutum haifaffen ƙasar Poland da ya rayu daga 1893 zuwa 1977, da shi ya yi suna a Amurka. Yau ma wani kamfani a can mai suna IronMind yana sayar da ƙarafan gwaji mataki-mataki: fari, kore, rawaya, shuɗi, sannan ja. Jan yana da tsawon inci 7 da kaurin kusan milimita 8, kuma duk wanda ya lanƙwasa shi a gaban shaida ana sa sunansa a jerin gwanaye. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne mutumin da ke ciki ya fara ne daga farin, wanda bai cika milimita 5 ba, ya yi wata da watanni kafin ya taɓa na gaba.

Ban rubuta wannan don in hana kowa ba. Yaron da ya tashi yana noman rani a bakin tafkin Kalmalo, yana jan guga yana riƙe kalme, hannunsa ya riga ya fi na ɗan birni. Ƙasar kokawa ce kuma. Tsallaka iyaka kaɗan ka shiga jihar Tahoua, inda aka fara gasar kokawa ta takobin ƙasa ta Nijar a 1975. Ƙarfi akwai shi. Sanin ƙarfe ne babu.

Fara da kauri, don a nan ido yake yaudarar mutum. Ka ɗora sandar ƙarfe mai milimita 5 kusa da mai 6, da ƙyar za ka ga bambanci. Amma ƙarfin da mai 6 take buƙata ya ɗara na mai 5 da kusan kashi 73 cikin 100. Daga 6 zuwa 8 kuwa ya haura ninki biyu. Shi ya sa saurayin da ya lanƙwasa siririya jiya, yau ya ɗauko guntun rodin gini yana cewa ai ɗan ƙari ne kawai, wuyan hannunsa yake wa mugunta. Rodin gini mai zane a jiki ma ba na wannan wasa ba ne: taurinsa ya yi yawa, zanensa kuma yana cin tafin hannu.

Tsawo kuma akasin yadda ake zato yake. Doguwar ƙusa ta fi gajeriya sauƙi, kamar yadda fartanya mai doguwar ƙota ta fi ba ka ƙarfin ɓamɓaro saiwa. Ƙusa inci 4 ba ta da wurin riƙo, hannuwa biyu suna haɗewa a kanta, tsininta yana daidai tsakiyar tafi. Mai koyo ya nemi inci 7, ko aƙalla 6. In a Ƙonni ta Nijar za ka saya, can da santimita ake awo, inci 6 shi ne santimita 15.

A ganina mai farawa ma ya bar ƙusa tukuna. Je wajen mai walda ko mai sayar da kayan gini, ka nemi siririn ƙarfe mai santsi, milimita 4 zuwa 5, a yanka maka shi inci bakwai-bakwai, a goge bakunan da magagari har su daina kaifi. Zaɓi mai baƙi-baƙin jiki, wanda aka murza da zafi a masana'anta. Ya fi laushi. Mai ƙyalli da sulɓi, wanda aka ja shi da sanyi, ya fi tauri ko da kaurinsu ɗaya. In mai baƙi-baƙin ya daina ba ka wahala, ka rage masa rabin inci maimakon ka ƙara kauri. Sai daga baya ka zo kan ƙusar kafinta inci 6, ita ma bayan an datse tsininta. Kuma kada ka ɗauka duk inci 6 ɗaya ce. Kwali biyu daga masana'anta biyu, ɗaya ta bi hannunka, ɗaya ta ƙi motsi.

Maƙeran garinmu sun san wani gwaji da ya kamata kowane mai wannan wasa ya aro. Ka goga magagari a jikin ƙarfen. In ya kama yana ci, ƙarfen mai laushi ne. In ya zame yana ƙara bai bar tabo ba, an ba ƙarfen ruwa, wato an ƙona shi an tsoma don ya yi tauri, kuma irin wannan karyewa yake yi farat ɗaya. Ƙusar kankare ke nan, da sifirin mota, da bakin injin huda. Ka kuma ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ka sayo ka lanƙwasa ta da guduma a kan uwar maƙera, ka duba gwiwar. In ta tsage, zubar da sauran. Wadda ka riga ka lanƙwasa kuma ta gama aiki. Kafinta yana miƙe tsohuwar ƙusa ya sake kafawa, wannan sana'arsa ce. Kai in ka miƙe ta, gwiwar ta riga ta ƙara tauri, a nan za ta ɓalle.

Gefen riga ba kariya ba ne, tsumma ma haka. Fata ake naɗawa, guda biyu, kowane baki da tasa, a naɗe tam yadda ƙarfen ba zai zame ya leƙo ba. Fatar jar akuyarmu ta Sakkwato ta yi suna har Turai saboda laushi, amma a nan laushin ne aibinta; ka ce wa baduku ya yanko maka ta saniya mai kauri. In ta fara hujewa, canza ta.

Sai batun da ya fi damuna. Samari suna tsintar ƙusa a ƙasa, a kangon gini ko kusa da turken dabbobi. Mutane na cewa tsatsa ce ke kawo ciwon sarƙewar haƙora, wanda likitoci ke kira tetanus. Ba tsatsar ba ce. Ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma rami mai zurfi da ƙunci irin na sukar ƙusa shi ne wurin da ta fi so. A yankin da shanu da awaki suke ko'ina, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ciwon yakan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin mutum ya ma manta da sukar. Kada a cusa toka, ko ƙasa, ko baƙin mai a raunin. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a tafi asibiti a ranar, a faɗa musu ƙusa ce, a kuma tambayi allurar rigakafi.

Na san wani zai ce yana da maganin ƙarfe. Ni ba zan shiga gardama da 'yan tauri ba. Abin da na sani shi ne jijiyar gwiwar hannu ta fi tsoka jinkirin ƙarfafa, kuma in ta motsu sai a yi watanni ana fama. Sau biyu a mako ya isa. Mai hawan jini ko gwaiwa ya nemi wani wasan, yara ƙanana kuma a hana su gaba ɗaya.

Masu shagon kayan gini na Illela da Kalmalo, da ku nake: in yaro ya zo sayen ƙusa ƙwaya ɗaya tak, ku tambaye shi me zai yi da ita.